Hannun mai ciki na ƙaiƙayi, mu kuma sai "ki yi haƙuri"

Ƴan uwa matasan Maraɗi, yau ina son mu tsaya kan wani abu da kowa ya taɓa gani a gidansu, amma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai: mace mai ciki tana susar hannu. Bayan hannun ya bushe ya yi furu-furu, tsakanin yatsu ya tsattsage, wani lokaci ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso a gefen yatsu, dare ya yi ta kasa barci. In ta yi magana, amsar ɗaya ce daga Zariya har Bagalam: laulayin ciki ne, in kin haihu zai wuce. Daga nan kuma a turo mata kwanukan wanke-wanke.

Ni a ganina wannan amsar zalunci ce, ko da mai faɗin ta bai nufi haka ba. Dalilina uku ne. Ciwon yana da magani, kuma maganin ba shi da tsada. Wani ƙaiƙayin hannun a lokacin ciki alama ce ta ciwon hanta da ke iya kashe ɗan da ke ciki. Sannan macen da aka ƙi sauraro a gida ba zama take yi ba, wurin mai tallar magani take nufa, kuma abin da yake sayar mata yana iya fin ciwon illa.

Mu fara da ciwon kansa. Hausawa na ce masa kirci, wasu su ce ƙyasbi, a likita kuma za ku ji ana cewa egzema. Fatar mutum kamar bangon ƙasa take, maiƙon da ke samanta shi ne yaɓe. Shi ke riƙe ruwan jiki kada ya tsere, shi ke hana datti da ƙwayoyin cuta shiga. Omo da sabulu mai ƙarfi da ruwan jabel aikinsu ke nan cire maiƙo, kuma ba sa bambanta maiƙon tukunya da na hannun mai wanke ta. In aka wanke yaɓen nan sau goma, sau ashirin a wuni, fata za ta bushe, ta tsage, ta yi ƙaiƙayi. Susa ta ƙara yage ta, yagewar ta ƙara ƙaiƙayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta nan ƙwayoyin cuta ke bi, hannu ya kumbura ya yi ruwa.

Ciki yana ƙara wa abin ƙarfi. Garkuwar jikin mai ciki tana sassauta wani ɓangarenta don kada ta yaƙi ɗan da take ɗauke da shi, sai ɓangaren da ke haddasa ƙaiƙayi ya samu sarari. Shi ya sa a cikin cututtukan fata na masu ciki, wannan ne ya fi yawa. Likitocin fata sun lura cewa kusan 8 cikin 10 na matan da abin ke kamawa ba su taɓa yin sa ba sai da cikin, ko kuma rabonsu da shi tun suna yara. Yawanci yakan fara tun cikin bai tsufa ba. Kirci ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba ƙazanta ba ce, ba sammu ba ne, ba kuturta ba ce, kuma shi kansa ba ya taɓa lafiyar jariri. Wanda ke ƙyamar cin tuwon mai kirci jahilcinsa yake nunawa.

Yanzu ku dubi aikin da hannun nan ke yi a ƙasarmu. A cikin gari, wanki da wanke-wanke da goge-goge, ga matsar ƙuli-ƙuli, ga awara, ga jajjagen tattasai da albasa. A Jiratawa, inda fadamar noman rani ke ciyar da kasuwannin Maraɗi, mata na wuni suna tsinkar zogale da wanke kayan lambu, suna taɓa ganyen da aka yi wa feshi, su dawo gida su dafa da kanwa. A Tibiri da ƙauyukan bakin Gulbi, ga ɗibar ruwa ga surfe ga sussuka. Hunturu ya shigo daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe ƙayau, ta kwashe ɗan sauran danshin da ya rage a fata. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen jihar Maraɗi na haihuwar ɗiya sama da 8 a rayuwarta. Alƙaluman sun ɗan sauka tun daga lokacin, amma ku yi lissafin da kanku: ciki 8 sau wata 9, wata 72 ke nan, shekara 6 cur. Wanda ya ce mata ta yi haƙuri har ta haihu, haƙurin shekaru yake nema. Kuma ma ba gaskiya ba ne cewa haihuwa ke kawo ƙarshen abin. Bayan suna wankin ƙunzugu da ruwan zafin jego ke jiran ta, mata da yawa a lokacin ne hannun ke ƙara lalacewa.

To mene ne magani? Rabinsa yana cikin gidanmu. Man kaɗe tsantsa wanda ba a zuba wa turare ba, ko bazilin fari. A shafa duk lokacin da hannu ya taɓa ruwa, tun bai gama bushewa ba. Hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce a ajiye man kusa da buta: bayan kowace alwala a shafa, sau biyar ke nan a wuni ba tare da wani ya tuna miki ba. Da dare a shafa da kauri, a rufe da safar auduga mai tsabta. A yi amfani da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da mai zafi. A daddanna tawul a hankali, kada a goge da ƙarfi. A cire zobe kafin wanki, don ƙarƙashinsa sabulu ke maƙalewa. In za a yi wanki ko jajjage a sa safar roba, in da hali da ta auduga a ciki, kuma kada a wuce kamar minti 20 ba a cire an sha iska ba, don zufa ma tana tayar da shi. A yanke farce. In ƙaiƙayi ya taso, tsumma mai sanyi ya fi susa.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata a nisanta. Lemun tsami, toka, kanwa, kalanzir, man birki, baƙin garin batir, duk an sha ɗora su kan fatar da ta riga ta tsage, kuma ƙona ta suke ƙara yi. Man shafawa mai ƙamshi da man zafi su ma haka. Sai maganar ƙunshi. Jan lalle na gargajiya da wuya ya yi wa fata illa. Amma baƙin nan da ke kamawa cikin ƴan mintuna, sau da yawa an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda ke cikin manyan masu tayar da kirci. In jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada. Mai ciki da hannunta ke ciwo, ta haƙura da baƙin ƙunshi ko da ranar suna ce.

In man kaɗe bai isa ba, akwai man shafawa na likita, dangin da ake kira kortikoyid. Mata da yawa na jin tsoronsa, suna cewa mai ciki ba ta shafa magani. Ba haka ba ne. Mai sauƙin ƙarfi irin hidrokortizon, da matsakaici, an yi ta bincike a kansu ba a ga suna cutar da ɗan ciki ba, in an shafa a wurin ciwon kaɗai na ɗan lokaci. Ma'auninsa ma a yatsa yake: abin da aka matso daga kan ɗan ali zuwa gaɓar farko, kamar rabin giram ne, kuma ya ishi hannu ɗaya ciki da baya. Ke nan ƙaramin kwali mai giram 15 zai yi wa hannu biyu sati biyu in sau ɗaya ake shafawa a rana. Akwai ma ƙwayoyin rage ƙaiƙayi da ake ba masu ciki. Amma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, don akwai magungunan fata, musamman na sha, da ke nakasa ɗan ciki ko su zubar da shi.

A nan ne mai tallar magani ke shigowa. Kun san shi, yana tashar mota, yana bakin kasuwa, yana yawo unguwa-unguwa da faranti a ka, rana na dukan kayan tun safe. Ba ya tambayar wata nawa ne cikin. Zai miƙo ɗan kwali ya ce wannan na kashe kowane irin ƙaiƙayi. Ku karanta jikin kwalin. Sau da yawa za ku ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, wato kortikoyid masu ƙarfin gaske. Kwana biyu ƙaiƙayi ya kwanta, sai a ce maganin na da kyau. A daina, ciwo ya dawo, a sake saye. Wata da watanni ana haka, fata ta yi siriri, ta riƙa yagewa, in kuma asalin ciwon makero ne ko ƙazwa, sai ya ɓuya yana yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marasa inganci. Mu da ke kan hanyar Ɗan Isa da Jibiya, inda kaya ke shigowa dare da rana, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Araha ba ta ado.

Wannan clobetasol ɗin kuma shi ne ke cikin mayukan bilicin da yawa. A birnin Dakar, wani bincike da aka buga a 2007 ya bi mata masu ciki 99, ya tarar kusan 7 cikin 10 na shafa man canza launin fata. Waɗanda ke shafa mai kortikoyid mai ƙarfi sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi, mabiyiyarsu ma ta fi ƙanƙanta. Binciken da aka yi a Birtaniya ya nuna haɗarin yana bayyana ne in mace ta shafa abin da ya wuce giram 300 na mai ƙarfin a tsawon cikin. Giram 300 kwali 10 ne masu giram 30. Mai shafa wa hannu kaɗai bisa umarnin likita ba za ta je kusa da wannan ba. Mai zuba kwali biyu-uku cikin man shafawarta tana mulke jiki duka safe da dare, cikin ƴan watanni za ta wuce shi. Kun ga abin takaici: muna hana mai ciki ɗan maganin da ke da aminci, muna yi wa mai haɗarin kirari da "ta yi fes".

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa ya haddace, mace da namiji. Ba kowane ƙaiƙayin hannu ne kirci ba. In mai ciki, musamman daga wata na bakwai zuwa sama, ta ce tafin hannunta da tafin ƙafarta na ƙaiƙayi, abin ya fi tsanani da dare, aka duba kuma ba ƙurji ba tabo sai sawun susa, to wannan ba na man kaɗe ba ne. Yana iya zama ciwon hanta na masu ciki da likitoci ke kira kolestaz. Ruwan ɗacin da hanta ke turawa hanji ne ke taruwa ya koma cikin jini. Wani lokaci fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, ido ya yi ɗorawa kamar na mai shawara. Uwar takan warke bayan haihuwa, ɗan ne ke cikin haɗari: haihuwa kafin lokaci, ko mutuwa a ciki. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna haɗarin mutuwar ɗan yana hawa sosai in ɗacin da ke cikin jini ya kai ma'auni 100 ko ya wuce. Da gwajin jini ake gane shi, kuma in an gane, ana bin cikin kusa-kusa, a tsara haihuwa kafin abin ya ɓaci. Mace nawa aka ce wa "haka Allah ya so" bayan ta haifi ɗa ba rai, alhali ta yi sati uku tana faɗin tafin hannunta na ƙaiƙayi? Ƙaddara gaskiya ce, amma sakaci ma gaskiya ne.

Sauran alamomin da ke buƙatar likita ba tare da jinkiri ba: hannu ya yi ruwa ko mugunya, ya yi ɓawon rawaya, ya kumbura da zafi, ko zazzaɓi ya biyo baya. In ƙaiƙayin na tsakanin yatsu da wuyan hannu ne, kuma yara da maigida su ma suna susa da dare, ƙazwa ce, sai an yi wa gidan duka magani lokaci ɗaya an wanke shimfiɗa. In tabo ne a tafin hannu da tafin ƙafa wanda ba ya ƙaiƙayi, a nemi gwajin tunjere, don yana kama ɗan ciki kuma allura na warkar da shi. In kuma motsin ɗa ya ragu, ba a kwana.

Na san abin da wasu za su ce. Ƙasa na fama da rashin tsaro, ga masassarar cizon sauro, ga tamowa, ga mata na mutuwa wurin haihuwa, kai kana maganar susa? Tambayar na da nauyi. Amsata ita ce, al'adar da ke cewa mai ƙaiƙayi ta yi shiru, ita ce dai ke cewa mai kumburin ƙafa da ciwon kai ta yi shiru har jijjiga ta kama ta. Macen da ta koyi cewa kukanta ba ya da daraja ba za ta kawo ƙarami ba, ba za ta kawo babba ba. Mu mutanen wannan yanki mun ga inda raina ƙaramar alama ke kaiwa. A Tibiri, daga tsakiyar shekarun 1980, yara sun yi shekara fiye da goma suna shan ruwan famfo mai yawan sinadarin fuliyo. Da haƙora abin ya fara, suka canza launi, kafin ƙasusuwa su lanƙwashe. Sai da ɗaruruwan yara suka nakasa, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na FIDH da ANDDH suka fitar da rahoto a 2002. Ruwan Tibiri ba shi da alaƙa da kirci, darasin ne ɗaya: jiki na yin magana tun da wuri, mu ne ba ma saurare.

Wasu kuma za su ce, to ta je awo mana, ai kyauta ne. Gaskiya ne, tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana awon ciki kyauta tare da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5, bayan tiyatar haihuwa da aka yafe a ƙarshen 2005. Amma masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun daɗe suna nuna yadda jinkirin biyan gidajen likita kuɗin wannan kyauta ya bar su ba magani a kanta. Kyautar da ke ƙarewa da takardar sayen magani a farmasi, ga kuɗin kabu-kabu, ga wuni a layi, ita ke tura mace wurin mai faranti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8. Ko sau nawa ta je, in ba wanda ya ce mata "nuna mini hannunki", an yi asarar dama.

Don haka ga abin da ya kamata mu nema, da murya ɗaya. Hukumomin lafiya na jihar Maraɗi su sa tambayar ƙaiƙayi cikin tambayoyin kowane awo, a rubuta amsar a karne kamar yadda ake rubuta nauyi da hawan jini. Tambaya ce ta daƙiƙa goma, ba ta cin ko dala. A liƙa sanarwa da Hausa a kowace CSI, a faɗi inda ake gwajin hanta da kuɗinsa, don sajfam ta Jiratawa ko ta Tibiri ta san inda za ta tura mace kai tsaye, ko cibiyar uwa da yaro ko babbar likitar jiha. A tabbatar da man kortikoyid mai sauƙi da maganin ƙazwa suna cikin kantar magani ta gwamnati. A sa ido kan mayukan clobetasol da ake sayarwa kamar alewa. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma su fito gidajen rediyo su yi wannan bayani da harshen da iyayenmu ke ji. Sannan mu daina tsoron Danja. Cibiyar da ke can, cikin ƙaramar hukumar Jiratawa, ta shafe shekaru da dama tana aikin kuturta, kuma wannan ne ya sa ta san fata. Zuwa Danja ba ya mayar da mutum kuturu.

Saura mu, ƴan fada. Duk abin da na lissafa a sama, babban maganin kircin hannu shi ne hannun ya huta da ruwa da sabulu, kuma wannan ba a farmasi ake sayen sa ba. Mai ciki ba za ta iya ba kanta hutu ba, sai gidan ya ba ta. Muna zaune daga la'asar har tsakar dare muna dafa shayi, muna warware matsalar duniya daga Yamai har Majalisar Ɗinkin Duniya, a gida kuma matarka ko yayarka ko matar wanka tana tsoma hannu mai jini cikin ruwan omo. Ɗauki wankin nan na sati biyu. In girman kai ya hana ka, biya mai wanki, ko ka rage kuɗin kati ka sayo safar roba da man kaɗe. Uwayen miji kuma, da girmamawa muke roƙon ku: wahalar da kuka sha a zamaninku ba gado ba ce da dole sai an raba wa surukai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun da ya tsage.

Ƴan uwa mata, in kina da ciki kuma hannunki na ƙaiƙayi, ki faɗa a wurin awo ko ba a tambaye ki ba. Ki ce wata kaza cikin yake, ga inda ke ƙaiƙayi, ga lokacin da ya fi tsanani, ga kuma duk man da kike shafawa, har wanda kike jin kunyar ambata. Ki tafi da kwalin a jaka. In tafin hannu da tafin ƙafa ne ba ƙurji, ki nemi gwajin jini, kada ki bari a sallame ki da "zai wuce". Haƙƙinki ne.

Da yawa daga matan da wannan magana ta fi shafa ba sa Facebook, wasu ma ba sa karatun boko. Ku da kuka karanta, ku ne rediyonsu. Ku karanta musu a gida, ku ɗauki murya ku tura a WhatsApp, ku kai maganar wurin foyandi da wurin suna. In a unguwarku ko ƙauyenku an yi wa wata wannan tambayar a wurin awo, ko an ƙi sauraron ta, ku faɗa mana ba tare da ambaton sunan kowa ba, don mu san inda za mu kai kuka.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa.